Kowane Tsuntsu Kukan Gidansu Yake Yi

Masu iya magana sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Mun tashi muna jin wannan karin magana a bakin Kaka, a duk lokacin da ɗayanmu ya kwaso wata ɗabi'a a waje ya shigo da ita gida. A wancan zamani ba mu ɗauke shi a bakin komai ba, face faɗa irin na tsofaffi. Sai da girma ya fara kama mu, muka waiwayi tsuntsaye da ƙananan dabbobin da muka yi ƙuruciya tare da su a Tudun Wada ta Jos, sa'an nan muka lura cewa akwai tambaya a ƙunshe cikin maganar. Shin ina ne gidan tsuntsu? Inda aka saka ƙwansa, ko kuwa inda ya koyi yadda ake rayuwa?

Ga mai karatu wanda bai san wurin ba, Tudun Wada unguwa ce da ta zauna a kan duwatsu, a cikin garin da shi kansa yake bisa tsauni mai tsayin kimanin mita 1,200 daga doron teku. Gidaje sun saƙala kansu a tsakanin duwatsu, hanya kuwa in ta tarar da dutse sai ta ba shi girmansa ta kewaye. Ba nisa da mu akwai gandun namun daji na Jos, wanda aka kafa a 1972, zamanin Gwamna Joseph Gomwalk na Jihar Binuwai da Filato. Da asuba, in gari ya yi tsit, mukan jiyo gurnanin zaki daga can, sai mu ƙara ƙudundunewa cikin bargo. Mu bakwai ne, 'ya'yan gida ɗaya da na maƙwabta, kowa da danƙonsa rataye a wuya, aljihu cike da tsakuwa. Ba mu san akwai wani ilimi na halayyar dabbobi ba, amma kullum muna cikin ajinsa, tun daga tashi makaranta har kiran magariba.

Malaminmu na farko shi ne ƙadangare. Duk wanda ya taɓa kwana a Jos cikin watan Disamba ko Janairu ya san cewa hunturunta ba abin wasa ba ne, domin ruwan randa ma cizo yake yi. Da sassafe ba a ganin ƙadangare ko ɗaya. Duk sun shige tsagogin duwatsu, inda sauran ɗumin jiya bai gama fita ba. In hantsi ya fara ɗagawa sai ka ga kiski ya rarrafo a sanyaye, jikinsa ya dushe kamar an barbaɗa masa toka. Yakan manna cikinsa da dutse, ya juya gefensa ga rana, ya yi lamo. A wannan lokaci ko ƙaraminmu yana iya cafke shi da hannu. Amma a ba shi ɗan lokaci kaɗan, sai kansa ya koma ja, jikinsa ya yi baƙi-baƙi kamar an tsamo shi daga marina, ya haye ƙololuwar dutse yana gyaɗa kai. Mu a zatonmu gaisuwa yake yi, ashe gargaɗi ne ga sauran maza cewa wannan dutse da matan da ke kansa suna da mai su.

Daga baya muka fahimci dalili. Jikin ƙadangare ba ya hura wa kansa wuta kamar namu. Aron zafi yake yi daga rana da dutse. In tsakar rana ta yi, zafin ya so ya yi yawa, sai ya ɗaga cikinsa daga dutsen ko ya koma inuwa. Ribar wannan tsari ita ce abinci kaɗan ya ishe shi, don haka yakan ƙetare rani da 'yan tururuwa da ƙwarin da ya samu. Wani abin mamaki kuma, a 1966 wata mai bincike a Dakar ta ƙasar Senegal, Madeleine Charnier, ta gano cewa zafin da ƙwan irin wannan ƙadangare ya samu yana da hannu wajen fitowar namiji ko mace. Wato tun bai fasa ƙwai ba, ƙasar da aka binne shi a ciki ta riga ta sa baki cikin al'amarinsa.

Wasu kuma ba da dutse suka dogara ba, da maƙwabta suka dogara. In Fulani suka ratso da shanu ta wajen tsofaffin kududdufan da masu haƙar kuza suka bari, sai ka ga belbelu fari fat suna biye da kofato, suna cafke fara da sauran ƙwarin da takun shanu ya tayar. Belbela ci da motsin wani, haka Kaka takan yi wa duk wanda ya maƙale a lokacin aiki ya bayyana a lokacin tuwo. Amma wannan ɗabi'a da muka mayar abin gori ita ce ta buɗe wa belbela duniya. Ba wanda ya ɗauke ta a jirgi, da fukafukanta ta ƙetare tekun Atlantika. An gan ta a Kudancin Amurka a 1877, kafin tsakiyar ƙarni na 20 ya wuce kuwa ta kai Arewacin Amurka. Ko'ina akwai garke, belbela ta sami gida.

Hankaka ma yana da nasa kirarin: mai da ɗan wani naka. Mun tashi da labarin cewa satar 'ya'yan wasu yake yi ya rena. Da muka yi karatu sai muka tarar an juya zancen ne. Akwai wani tsuntsu mai tukku da ɗigo-ɗigon fari a fukafukai, wanda ba ya wahalar da kansa da ginin sheƙa. Faƙon idon hankaka yake yi ya saka ƙwansa a cikin tasa, ya yi gaba. Hankaka ya yi kwanci, ya ƙyanƙyashe, ya ciyar. Ashe wanda muke kira ɓarawo shi aka yi wa wayo. Ba mu sani ba, irin wannan al'amari yana gudana a bayan gidanmu, tsakanin wasu tsuntsaye biyu da ba su kai girman babban yatsan hannu da kaɗan ba.

Akwai 'yar jar tsuntsuwar nan da ake kira baiwar Allah, wadda takan shigo tsakar gida ta tsinci tsaki a gindin turmi ba tare da tsoron kowa ba. Ita kaɗai ce Kaka ta haramta wa danƙonmu. Takan ce, “Kai 'yan nan, wanda ya shigo gidanka da aminci ba a jifansa.” A can cikin duwatsun bayan unguwa mukan ga wata mai kama da ita, bayanta ja wur, bakinta shuɗi-shuɗi, amma ita ba ta shiga gidan kowa. Mun ɗauka duk ɗaya ce. Sai a 1998 wani masanin tsuntsaye Ba'amurke, Robert Payne, ya bayyana wa duniya cewa wannan ta dutsen jinsi ce mai zaman kanta, wadda babu ita a littattafan masana kafin lokacin. Nauyinta bai wuce kimanin giram 10 ba, abincinta irin ciyawa ne, mazauninta kuwa duwatsu masu 'yan ciyayi da sarƙaƙƙiya, irin na Filato da na tsaunukan Mandara da ke kan iyakar Nijeriya da Kamaru.

Cikakken labarinta mun ji shi ne bayan shekaru, ran da muka kai 'ya'yanmu ziyara dajin Amurum da ke kusa da ƙauyen Laminga, inda Jami'ar Jos take da cibiyar nazarin tsuntsaye mai ɗauke da sunan A. P. Leventis tun farkon shekarun 2000. Wani ɗalibi ya miƙo mana madubin hangen nesa, ya nuna mana wani ɗan baƙin tsuntsu mai sheƙi kamar rinannen rawani, yana zaune a kan busasshen reshe yana ta rera kuka. Ya ce mu saurara da kyau, domin wani ɓangare na kukan ba nasa ba ne, na baiwar Allah ta dutse ne.

Ga yadda abin yake. Macen wannan baƙin tsuntsu ba ta yin sheƙa. In lokacin ƙwai ya yi sai ta nemi sheƙar baiwar Allah ta dutse, ta ƙara nata a cikin na masu gida. In an ƙyanƙyashe, ɗanta ba ya kashe 'ya'yan gida, tare suke tashi. Su kuwa 'ya'yan baiwar Allah suna da wasu alamu a cikin baki, ɗigo-ɗigo da launi, waɗanda iyaye ke gani in an buɗe baki ana neman abinci. To, shi ma ɗan baƙon da irin wannan alama yake zuwa duniya, saboda haka ake ɗura masa abinci kamar kowa. Yana cikin sheƙar nan yana sauraron kukan masu renonsa har ya haddace. In ya girma, namiji ne, da wannan kuka zai nemi aure. Macen da ita ma ta tashi a irin wannan gida ba ta kula kowa sai mai rera kukan da ta saba ji tun tana tsirara, in kuma za ta saka ƙwai, irin gidan da ya rene ta za ta nema. Wannan kwaikwayon kuka yana daga cikin abubuwan da suka ja hankalin masana zuwa ga ita baiwar Allah ta dutsen. Wato ɗan riƙo ne ya riƙa shelar sunan gidan da ya tashi, har duniya ta san da gidan.

Muna tsaye a wurin muka dubi juna, kowa ya tuna da Kaka, Allah Ya jiƙanta. Karin maganarta bai faɗi ba, sai dai ya fi yadda muka zata zurfi. Tsuntsun nan kukan gidansu yake yi, amma gidansu shi ne inda aka ciyar da shi. Haka kuma rayuwarsa a ɗaure take da ta masu gidan: ran da baiwar Allah ta dutse ta ƙare, shi ma ya rasa inda zai kai ƙwansa, ya rasa kukan da zai yi.

To, in gidan tsuntsu shi ne inda ya koyi rayuwa, akwai tsuntsuwar da mu ne gidanta, ita ce ungulu. A nan ne kuma alƙalaminmu yake yin nauyi. Muna yara ba a ƙirga ungulaye a Jos. Suna kan rufin kwata, suna bayan rumfunan mahauta, ranar Babbar Salla ko Kirsimeti kuwa har bakin ƙofa suke sauka suna jiran abin da za a yar. An yi mata halitta daidai da aikinta: kai da wuya babu gashin kirki, don kada ƙazanta ta maƙale, ciki mai tsananin tsami da ke kashe ƙwayoyin cutar da ke cikin mushe, fukafukai masu faɗi da take shimfiɗawa a kan iska mai ɗumi, ta yi ta shawagi ba tare da ta gaji ba. Sauran danginta sun tsaya a daji suna bin sawun zaki da kura, ita kuwa ta zaɓi ɗan Adam, ta ajiye tsoronsa, ta zama mai sharar garinsa ba albashi.

Wata rana, cikin hutun makaranta, wani baƙo ya tare mu a bakin hanya da buhu a kafaɗa. Ya yi mana magana cikin fara'a, ya ce, “Samari, ku da kuka san lungu-lungu, ina ungulu take kwana a nan?” Mun sani sarai. Akwai wani dogon maɗaci a bakin rafi inda wasu biyu suke komawa sheƙa ɗaya kowace shekara. Ya ba mu naira biyar, muka yi masa jagora har gindin itacen, muka ruga muka sayi rake da ƙuli-ƙuli. Washegari muka tarar da sheƙar a ƙasa, ƙirare a warwatse, ga 'yan gasu nan iska tana wasa da su. Babu wanda ya ce uffan a cikinmu. Da labari ya kai kunnen Kaka ba ta doke mu ba, ba ta ko ɗaga murya ba. Ta dube mu ta ce, “Ita ta amince da ku, ku kuwa kun sayar da ita a kan kuɗin rake.” Da ta zane mu da ya fi mana sauƙi.

A lokacin muna ganin ai ungulu ba ta ƙarewa. Ba mu san cewa ƙwai ɗaya tak take sakawa a lokacin kwanci ba, kuma ɗan yakan ɗauki watanni yana dogara da iyayensa. Tsuntsuwar da take haihuwa a hankali haka ba ta iya mayar da gurbin abin da ake kwasa da buhu. Ana farautarta don sayar da sassan jikinta ga masu haɗa magani da tsubbu, ana sa guba a mushe, ana sare manyan itatuwan da take sheƙa a kai. A 2015 ƙungiyar duniya mai lura da halittun da ke cikin haɗari, IUCN, ta sanya irin wannan ungulu tamu cikin jerin waɗanda suke gab da ƙarewa. Mu ba mu bukaci rahoto ba, sararin samaniyar Jos ya ishe mu shaida. Hausawa kan ce ungulu ta koma gidanta na tsamiya. Tamu dai ba ta koma ko'ina ba, domin mu ne tsamiyar.

Kada mai karatu ya ce asarar ta ungulu ce ita kaɗai. A ƙasar Indiya, daga shekarun 1990, fiye da kashi 95 cikin 100 na wasu jinsunan ungulu sun mutu saboda cin mushen shanun da aka yi wa magani da diclofenac, har sai da gwamnati ta hana amfani da shi ga dabbobi a 2006. Da masu sharar suka kau, mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan da ba su da iyayen giji suka yawaita, barazanar ciwon haukan kare ta ƙaru. Ungulu ba ta jewar banza, haka nan rashinta ba ya tafiya a banza.

Zakin da muke jiyo gurnaninsa da asuba shi ya cike mana darasin. A watan Disamba na 2015 wani zaki ya kuɓuce daga kejinsa a gandun namun dajin, hankalin unguwannin kewaye ya tashi, iyaye suka tattara 'ya'yansu suka rufe ƙofofi, daga ƙarshe aka harbe shi. Mun ji sanyi a rai da aka ce an huta, amma daga baya tausayi ya biyo. Ko da ya tsira, ina za shi? Dajin da kakanninsa suka yi sarauta ya zama gonaki da gidaje, zakunan da suka saura a dazuzzukan Nijeriya kuwa 'yan ƙalilan ne, a Yankari da yankin tafkin Kainji. Ƙadangare da bai kai tafin hannu ba ya fi shi gata, domin shi yana da tsagar dutsen da zai shige. Ƙarfi ba ya raya dabba in babu wurin da ya dace da ƙarfin.

Alal haƙiƙa, dabba tana iya jure sanyi, da yunwa, da fari, da magabta, domin an ba kakanninta dubban shekaru suna gwada dabara a kansu. Abin da yake gagararta shi ne canjin da ya zo cikin shekara goma ko ashirin, wanda kuma mafi yawa daga hannunmu yake fitowa. Duwatsun da muka yi wasa a kansu, da yawa an fasa su an auna tsakuwa a tifa. Ba ma zargin matan da ke zaune cikin rana da guduma suna neman na tuwon dare, domin su ma rayuwa suke nema, gidajen da muke kwana ciki kuwa da wannan tsakuwa aka zuba harsashinsu. Amma wace bukata ce ta sa ake cinna wa ciyawar tsauni guda wuta saboda gafiya ɗaya? A cikin wannan ciyawa abincin baiwar Allah ta dutse yake, a cikinta kuma take ɓoye sheƙarta, da 'ya'yanta, da ɗan riƙonta.

Watakila abin da ya sa labarin ɗan baƙin tsuntsun nan ya taɓa mu shi ne mun ga kanmu a ciki. Kakan wasunmu daga ƙasar Kano ya zo aikin kuza, na wasu daga Katsina, na wasu daga ƙauyukan Filato, na wasu kuma daga Kudu. Duk a kan dutse ɗaya aka rene mu, uwar kowa tana iya ba kowa tuwo, tana kuma iya zane kowa. Rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 sun tarwatsa mu bakwai ɗin nan, wasu suka canza unguwa, wasu suka bar garin ɗungurungum. Amma wanda ya koma Kano a cikinmu ya ba mu labari cewa da ya buɗe baki a kasuwa sai a ce, “Malam, daga Jos kake ko?” Asalinsa na can, kukansa na nan. Ya je inda aka ce masa nan ne gida, ya tarar harshensa yana nuna wani wuri daban.

Saboda haka in muka haɗu a biki ko ta'aziyya, muka zauna da 'ya'yanmu, mukan ba su labarin maɗacin bakin rafi, ba ma ɓoye naira biyar ɗin. Ƙaramar cikinsu ta taɓa tambaya, “Baffa, wai yaya ungulu take?” Sai da muka nemo mata hoto a waya. Mu da muka tashi muna korar ungulu da dutse daga bakin ƙofa, yau mu ne masu nuna ta a hoto. Ba mu da ikon mayar da waccan sheƙa bisa itace. Abin da ya rage a hannunmu shi ne mu hana yaro ya kai baƙo gindin wata, mu hana ashana kusa da ciyawar tsauni, mu bar wa ƙadangare tsagarsa, mu kuma tuna cewa duk wanda ya koyi kukan gida, ɗan gida ne. Allah Ya sa na bayanmu su tarar da abin saurare in sun hau dutse da hantsi.